Neman shawara: sisal ɗin shingen gonarmu sai mutuwa yake

Salamu alaikum 'yan uwa. Marigayi babanmu ne ya zagaye gonarmu da sisal, shukar nan mai dogon ganye da ƙaya a tsini wadda ake igiya da ita, ita ke tare dabbobi kuma ta riƙe ƙasar bakin kwazazzabo. To yanzu sai kaga ɗaya ta fiddo doguwar sanda ta tsakiya, tayi fure, sai ta bushe. Ga masu igiya kuma suna aske ganyen tas. Cuta ce ko me? Wallahi bana so shingen nan ya ƙare a hannuna.

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Ba cuta bace, haka dangin agabe, wato dangin su sisal, suke, sau ɗaya suke fure a rayuwa sai su mutu, sisal kan yi shekara 7 zuwa 10. Kar ka sare sandar da wuri, ƙananan 'ya'ya zasu fito a jikinta da yawa, ka tattara ka rene su a gefe, in sunyi ƙwari ka cike gurbi da damina. Na gindin uwar ma ana cirewa a dasa. Banda inda ruwa ke kwanciya dai, ruɓewa take.

Mazaunin Tanga: Yaya, matsalarka masu yankan nan ce. Nan Tanzaniya tun 1893 aka kawo ta, asalinta Meziko, kuma ba'a taɓa ganye sai ta shekara biyu zuwa uku, in za'a yanka ma na ƙasa ake ɗiba a bar mata kamar ashirin da biyar a sama, in ka aske ta, da me zata ci abinci? Zaren kansa bai wuce kashi 4 cikin ɗari na ganyen ba, sauran tarkacen ka maida shi gona yayi taki.

Wata 'yar uwa: Ka zauna da masu igiyar kuyi magana ta fahimta, su ma abincinsu ne, a ware musu layin da ya isa yanka. Kuma yara su rufe hannu, ruwanta ƙaiƙayi gareshi.

Malamin gona: Na ƙara da wannan, kar ka dasa duka shekara ɗaya, zasu mutu maka tare. Duk damina ka sa kaɗan.

Mai tambaya: Nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai sanda biyu a tsaye yanzu, yaushe zan san 'ya'yan sun isa ɗiba?

Malamin gona: In ka girgiza sandar suka zubo da kansu, sun isa.