Fentin gwaiduwar ƙwai na yana tsagewa, a taimaka min

Salama 'yan'uwa, don Allah wanda ya san zanen hotunan tsarkaka irin na cocin Girka da Rasha ya agaza min, na kai wata uku ina fama. Hoton Maryamu riƙe da Yesu nake koyo. Katako na samu, na manna ƙyalle da gam ɗin fatar zomo, na shafa alli da gam har shafi bakwai, na goge ya yi sumul kamar bayan ƙwai.

Wajen haɗa kala ne matsalar take. Ina fasa ƙwai in cire farin, in mirgina gwaiduwar a tafin hannu in huda ta da allura don kada fatar ta shiga, sai in zuba ruwan kal da ruwa kaɗan, in kwaɓa garin kala da shi. Shafin farko na fuska, wannan kore-kore mai duhu da Rashawa ke cewa sankir, yana zama lafiya lau, amma da na fara ɗora masu haske a kai sai in wayi gari goshin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, in na sa farce ma ɓanɓarewa yake. Na rage ƙwai, sai kalar ta koma gari tana bin yatsa.

To ƙwan ne ya yi yawa ko kauri nake shafawa? Ko kuwa iskar hunturu ce, don a Jos nake kuma ɗakin ba silin? Sannan in kankare fuskar in sake, ko akwai yadda ake ceto ta? Garin kalar nan da ƙyar na samu, ya kusa ƙarewa.