Me za mu kira “high concept” da Hausa?

Mafassari:
Assalamu alaikum. Akwai kalmar da masu sharhin shirye-shiryen talabijin masu dogon zango ke yawan jefowa, wato “high concept”, kuma har yau ba ta samu gurbi a Hausa ba. Abin da aka fi gani a rubuce shi ne “babban tunani” ko “shiri mai zurfin tunani”, duka biyun kuwa ba su kwanta mini ba. Ga irin shirin da ake nufi: mutanen duniya kaf sun suma lokaci guda na tsawon minti 2 da daƙiƙa 17, kowa ya hango rayuwarsa ta wata shida masu zuwa. FlashForward ke nan, na tashar ABC, 2009. Ina masana, wace kalma za ta ɗauki wannan?

Mai Sharhi:
Wa alaikumus salam. “Babban tunani” kam a ajiye shi gefe, yana ɓatar da mai karatu. Duk wanda ya ji shi zai zaci shirin na masu falsafa ne, sai an yi ta nazari kafin a gane. Alhali kalmar daga bakin masu talla ta fito. Ana danganta ta da Barry Diller da Michael Eisner, zamanin da suke tashar ABC a Amurka. A 1969 tashar ta fara nuna sabon fim duk mako, fim ɗin da babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Da me za a tallata shi? Da layi ɗaya a jadawalin shirye-shirye da tallan daƙiƙa 30. Labarin da ba ya faɗuwa cikin jimla guda kuwa sai ya yi kwantai. Ma'aunin da aka fi ambata shi ne wanda ake jingina wa daraktan finafinai Steven Spielberg: kalma 25 ko ƙasa da haka. Ku dubi Snakes on a Plane na 2006, macizai cikin jirgin sama. Sunan kaɗai ya gama tallan, kuma babu zurfin tunani a ciki ko ƙwayar zarra.

Malamar Adabi:
Kafin wani ya kawo “jigo”, bari in riga shi. Jigo a nazarin adabi shi ne saƙon da labari ke ɗauke da shi, kuma ɗalibai sun riga sun haddace shi a haka. Ɗauki Squid Game na 2021. Jigonsa bashi ne da yadda talauci ke sa mutum ya sayar da ransa. Amma abin da ke sa a kunna fitowa ta farko daban ne: mutum 456 da bashi ya yi wa katutu, wasannin yara guda shida, wanda ya faɗi a kashe shi, kuma kowane rai da ya salwanta yana ƙara won (kuɗin Koriya ta Kudu) miliyan 100 a kan kyautar, har ta kai biliyan 45.6. Wannan na biyun muke neman sunansa. “Turke” ya so ya dace, sai dai masu nazarin waƙar baka sun riga mu, suna amfani da shi a ma'anar jigo. Ni “ƙulli” nake gani. Abu ne da ake ƙullawa tun farko, sauran shirin duk warwararsa ce.

Marubucin Shiri:
Malama, ƙulli ya zauna daram a matsayin sunan abin da aka gina shirin a kai. Saura sifar da za ta bambanta wannan irin ƙullin da na kowa. A wajen masu rubutu, jimlar da ake gabatar wa tasha tana da sassa uku: wanda abin ya faɗa wa, doka ɗaya ta rayuwa da aka murɗe, da abin da za a rasa ko wa'adin da ke ƙarewa. Doka ɗaya fa, ba biyu ba. Severance na 2022 misali ne mai tsabta: ma'aikata sun yarda an yi musu aiki a ƙwaƙwalwa, in sun shiga lif ɗin ofis su manta gida, in sun fito su manta ofis. Shi ke nan dokar. Duk tambayoyin da ke biyo baya daga cikinta suke tsirowa, har da wadda ta fi ciwo: shi wanda ke cikin ofis, da bai taɓa ganin rana ba, wa ya nemi yardarsa?

Gwajin kuma sauƙi gare shi. Cire sunan tauraro, cire sunan darakta, cire kalmomin yabo irin su “mai ban tausayi” da “mai tsuma rai”. In abin da ya rage har yanzu yana sa mai sauraro ya ce “to sai me ya faru?”, ƙullin ya ci jarrabawa. Tunda kusan duk irin waɗannan jimloli da “da a ce” suke farawa, me zai hana mu ce “shirin da-a-ce”?

Malamar Adabi:
Yana da daɗin faɗa, Malam, amma ragar ta yi faɗi. Kowane ƙagaggen labari “da a ce” ne. Mad Men ma ana iya cewa “da a ce akwai wani mai tsara tallace-tallace a birnin New York a shekarun 1960”, kuma shi ne misalin da ake bayarwa na akasin abin da muke nema. Sannan “da-a-ce” zai ja hankali zuwa almara da labaran kimiyya kaɗai. Ina za ka kai 24, na tashar Fox, 2001? Babu aljani babu na'urar tafiya cikin zamani. Dabarar a tsarin take: zango ɗaya kwana ɗaya ne, fitowa 24, kowace fitowa awa guda ta rayuwar jarumin, agogon kuma bai tsayawa ko lokacin talla.

Malam Nahawu:
Ku ba ni dama in shigo ta ƙofar ginin kalma. Hausa tana da tsohon ƙwarangwal na harɗa suna daga aikatau biyu: faɗi-ka-mutu, taɓa-ka-lashe. Na farko sharaɗi, na biyu sakamako. To mene ne sharaɗi da sakamako a nan? Ka ji jimla ɗaya, sai hoton ya tsaya maka a ido. An ce maka wata ƙatuwar rumfa mai kamar gilashi ta kife kan gari guda, ba shiga ba fita, tuni ka ga motar da ta yi karo da abin da ba a gani, ka ga iyalin da aka raba biyu. Under the Dome ke nan, 2013, kuma ba ka kalli ko minti ɗaya ba. Shawarata: ji-ka-gani. “Ƙullin ji-ka-gani”, “shirin ji-ka-gani”. Mun saba cewa gani ya kori ji. Wannan irin shirin kuwa jin ne ke jawo ganin, kuma a kan haka ake sayar da shi.

Mafassari:
Ranka ya daɗe, ta yi armashi. Fargabata ɗaya: muna da “na'urorin ji da gani”. Kada mai karatu ya ɗauka duk shirin da ke da sauti da hoto ake nufi.

Malam Nahawu:
Ginin ba ɗaya ba ne. “Ji da gani” sunaye biyu ne da “da” ta haɗa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. “Ji-ka-gani” yana da “ka” a tsakiya, ɗaya na haifar da ɗaya, kuma kunnen Bahaushe yana jin bambancin. Sharaɗi dai a riƙa sa karan ɗori a rubutu. Kuma kalmar daskararriya ce kamar 'yan'uwanta: ba a cewa “ji-ki-gani” don mace ce ke kallo, ba ta kuma da jam'i. Jam'in yana kan sunan da ke gabanta, shirye-shiryen ji-ka-gani.

Marubucin Shiri:
Na janye tawa. Bari in ɗora wa sabuwar kaya mu ga ko za ta ɗauka, domin kalmar da ba ta iya bayanin matsala ba ta da amfani ga mai sharhi.

Babbar cutar shirin ji-ka-gani ita ce ƙulli ya ƙare, tasha kuma ba ta ƙoshi ba. An ƙirƙiro dabarar ne don fim na awa ɗaya da rabi ko biyu. Zangon manyan tashoshin Amurka kuwa kusan fitowa 22 ne, kowace ɗaya minti 42 zuwa 44 in an cire talla, wato sama da awa 15. Prison Break na 2005 yana da ƙulli mai kyan gaske: injiniya ya jefa kansa kurkuku da gangan don ya fitar da yayansa da ke jiran kisa, taswirar ginin kuma tana zane a jikinsa. A ƙarshen zangon farko sun tsere. To sunan shirin fa? Zango na biyu ya zama farautar masu gudu, a na uku aka sake kulle jarumin a wani kurkuku a Panama don a samu abin tserewa. Ƙullin da aka kwance, in aka sake ɗaure shi, mai kallo yana ganin lanƙwasar igiyar.

Cuta ta biyu ciko ce. Dokar 24 ta hana a tsallake lokaci, saboda haka in jarumi zai yi tafiyar minti 40 a mota, dole a nemo abin da za a nuna. Shi ya sa a zangon farko matarsa ta wayi gari da mantuwa na 'yan awoyi. Ba labarin ne ya buƙaci haka ba, agogo ne.

Ta uku ita ce bashin amsa, kuma ta fi kisa. Kowace tambaya da shiri ya buɗe bashi ne a wuyan marubuta. Lost ya fara a 2004 da jirgin da ya faɗi a tsibiri, ya yi ta ciwo bashin nan ba tare da an san ranar biya ba, har sai a 2007 masu shirin suka daidaita da ABC cewa za a rufe a 2010. Ya ƙare da fitowa 121. FlashForward bai samu wannan gatan ba. Ya sa wa kansa ranar biya tun fitowar farko, 29 ga Afrilu 2010, ranar da kowa ya hango. Sai aka dakatar da shi daga Disamba zuwa Maris, masu kallo suka ragu, aka soke shi bayan fitowa 22, ya tafi da sabuwar tambayar da ya buɗe a ƙarshe. Manifest na 2018, jirgin da ya sauka bayan shekara biyar da rabi alhali fasinjojin na ganin 'yan awoyi suka yi, shi ma NBC ta soke shi bayan zango uku. Netflix ce ta ba shi fitowa 20 ya ƙarasa.

Maganin da ya fi aiki iri biyu ne. Ko a gajarta zango zuwa fitowa 8 ko 10, kamar yadda manhajojin kallo ta intanet ke yi, ko kowace fitowa ta zo da sabon ƙulli ta kwance shi a take. The Twilight Zone ya yi hakan daga 1959 zuwa 1964 cikin fitowa 156, Black Mirror ya ɗauko hanyar a 2011.

Kalmar dai ta shiga kowace jimla ba ta yi tuntuɓe ba.

Mai Sharhi:
Ƙari ɗaya, don kada a cakuɗa. Ba kowane shirin ji-ka-gani ne shirin kacici-kacici ba. Na kacici-kacici yana ɓoye dalili ne ya ja ka da alkawarin bayyana shi. The Leftovers, 2014 zuwa 2017, ji-ka-gani ne tsantsa: mutum 2 cikin kowane 100 na duniya sun ɓace bat, kimanin miliyan 140. Amma bai jingina kansa da amsar ina suka tafi ba, ya zauna ne da waɗanda aka bari. Damon Lindelof, wanda ya sha suka kan ƙarshen Lost, yana cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, kuma fitowa 28 kacal aka yi aka rufe. A ganina ya fi Lost tsufa da kyau, ko da yake na san akwai masu ja.

Sannan muna buƙatar kishiyar kalmar, wato “low concept”. Kada a ce “ƙaramin tunani”, zagi ne, kuma The Wire ake nufi da ire-irensa. Shiri ne da in an tambaye ka labarin mene ne, sai ka yi ta kame-kame ka ƙare da “kai dai ka kalla”.

Malamar Adabi:
Ai ka faɗe ta da bakinka. Shirin sai-an-zauna. Ba ya shiga ta kunne, sai an zauna da mutanen cikinsa fitowa huɗu ko biyar kafin ya kama.

Mafassari:
Alhamdu lillahi. Abin da zan riƙa rubutawa ke nan: ƙulli ga abin da aka gina shiri a kai, jigo ya tsaya a ma'anarsa ta saƙo, ji-ka-gani da sai-an-zauna su zama sifofi. A karon farko cikin rubutu zan bi kalmar da gajeren bayani, “shirin ji-ka-gani, wanda jimla ɗaya ke isa a hango shi”, daga nan ta tsaya da ƙafarta. Tambaya ta ƙarshe, Malam: Breaking Bad wane ɓangare za a sa shi? Malamin kimiyyar sinadarai ya kamu da sankarar huhu, ya koma haɗa miyagun ƙwayoyi don ya bar wa iyalinsa abin dogaro.

Marubucin Shiri:
Ƙirga kalmomin jimlarka, ba su kai 25 ba, kuma babu sunan tauraro a ciki. Ƙullinsa ji-ka-gani ne. Amma abin da ya riƙe shi fitowa 62, daga 2008 zuwa 2013, shi ne kallon mutumin yana rikiɗa sannu a hankali, wannan kuwa aikin sai-an-zauna ne. In za ka rubuta, ka jingina sifar ga ƙullin kawai: “shiri mai ƙullin ji-ka-gani”.