Kuɗin da ke shigo mana ya haura miliyan a wata, amma ba ma kaiwa ƙarshen wata

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na roƙi shugaban zaure ya ɓoye sunana saboda akwai abokan aikina a nan. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, uwargida kuma ma'aikaciyar jinya ce, kuma idan aka haɗa albashinmu bayan an cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho, yana kaiwa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Duk da haka, da wuya ashirin ga wata ta yi ban fara ƙirga kwanaki ba. Makon jiya sai da na ranci dubu arba'in a hannun yaron da ke ƙarƙashina a ofis domin in sa kati a mita, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace mini.

Ni ne babba a wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mu goma sha ɗaya ne, ɗaki biyu. Ya rasu ina aji uku a jami'a, sai da Inna ta sayar da gonar da ta gada a wajen Funtuwa kafin na kammala. Ina tsaye a zaure ranar da aka yi cinikin, na ga lokacin da ta dangwala yatsa a takarda, ta goge tawadar a gefen zaninta, ta tashi ta shige cikin gida ba ta ce uffan ba. Tun daga nan na ɗauki alkawari ba za ta sake neman wani abu ta rasa ba. Ni nake sayen maganinta na hawan jini da na suga, ni nake aika abinci gida, ba na kuma bambanta ɗakinta da na abokiyar zamanta. Ƙannena biyu suna jami'a a wuyana, 'ya'yana uku suna makarantar kuɗi. Ba na shaye-shaye, ba na yawon banza. Don Allah ku gaya mini, ina kuɗin ke shiga?

Abu Hanif, akanta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ba mu tarihin gonar Inna dalla-dalla, amma ba ka faɗi kuɗin haya ba, ba ka faɗi ko ana bin ka bashi ba, ba ka kuma ambaci mota ba, alhali a nan ɓarakar take. Abu na farko, daina kiran kanka mai miliyan. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura 1,000. A wancan lokacin dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500, wanda ke nufin idan aka bi lissafin dala, albashinku biyu bai fi dubu ɗari huɗu na farkon 2023 ba. Idan unguwarku tana rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i a rana, a Afrilun 2024 an ɗaga muku kuɗin wuta daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Kai kana rayuwa da girman lambar, kasuwa kuma tana karɓa da ƙarfin takardar.

Mai tambaya:
Gaskiya ne, Malam, na manta. Muna zaune a Gwarimpa, hayar miliyan huɗu da rabi a shekara, kuma da yake a dunƙule ake biya, nakan karɓi rance a ƙungiyar ma'aikata ta ofishinmu, ana cire dubu ɗari huɗu duk wata. Akwai kuma dubu ɗari da tamanin na mota, saura wata goma sha huɗu. Amma motar ba ta alfahari ba ce, tsohuwar ce ta riƙa ajiye ni a hanya.

Abu Hanif:
To ka gani. Kusan rabin kuɗin an cinye shi kafin ya taɓa hannunka, kuma ranar da ka gama biyan rancen haya, ranar mai gida zai aiko da takardar sabuwar shekara, sau da yawa da ƙari. Ka tashi daga Gwarimpa ka koma Kubwa ko Lugbe, ka sayar da motar ka sayi ƙarama, sannan ka yanke wa gida adadi guda wanda ba ya ƙaruwa ko wa ya kira. Na faɗa wa mutane da yawa wannan, waɗanda suka ji sun huta.

Malamin firamare daga Gusau:
Ku yi haƙuri, amma karanta wannan ya sosa mini rai. Tun Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma akwai dubban magidanta da ke riƙe da iyali da abin da bai fi haka da yawa ba. Ni shekarata goma sha bakwai ina koyarwa, ƙarin girma na ƙarshe da aka yi mini a takarda ya tsaya, 'ya'yana shida, kuma ban taɓa rance don wuta ba, tunda ma ba a kawo ta. Abin da ake cire maka na mota kaɗai ya ninka albashina.

Maman Ilham:
Yaya, ni tambayata ita ce, ita uwargidan taka me take cewa? Albashinta ka haɗa a lissafi kamar naka ne, alhali ciyarwa a kanka take. Na san wannan zaman, domin shekara tara ina zuba nawa a tukunya, maigida yana aika nasa ƙauye. Ranar da na ce zan sayi fili, dangin nasa suka ce na mallake shi. Ƙaninsa da muka biya wa karatu har digiri bai taɓa sayo wa yarana ko alawa ba, kuma da na haihu ƙannensa mata ko barka ba su zo ba sai ranar suna, suka kuma tafi da rabin naman.

Baba Alhaji:
Yarona, kada ka bari a raba ka da mahaifiyarka da lissafin boko. Ya tabbata a hadisi cewa wanda yake son a yalwata masa arziki, a kuma tsawaita masa kwana, to ya sada zumuncinsa. Wataƙila aikin nan da kake taƙama da shi albarkar wannan gonar ce. Ka rage wani wajen, amma ban da gida. Idan kaka ta yi, ka aika Dawanau a saya maka masara da gero na shekara, ka kuma shiga adashe.

Abu Hanif:
Baba, da girmanka, babu wanda ya ce ya yar da Inna. Amma aya ta 29 a Suratul Isra'i da ta hana ƙunƙunce hannu, ita ce kuma ta hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi. Maganar adashe kuwa, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, don haka mai kwasar ƙarshe a irin wannan shekara asara yake yi. Hatsin ma ba tabbas, ni kaina na ajiye masara a kakar 2024, farashi ya faɗi, na sayar ƙasa da yadda na saya. Mutumin da ba shi da dubu arba'in ta wuta, da me zai zuba adashe?

Mai tambaya:
Na gode muku duka. Malam na Gusau, ka yafe ni, ban yi nufin cin fuska ba. Maman Ilham, ita da kanta take sa kuɗinta, ban taɓa tilasta mata ba, ko da yake kwanan nan ta rage magana a kan lamarin. Tashi daga Gwarimpa ba zai yiwu ba yanzu, domin tana aikin dare kuma asibitin yana kusa, makarantar yara ma nan take, abin da zan rage a haya zai tafi a mai da cunkoson hanya. Motar kuma idan na sayar yanzu faɗuwa zan yi. Batun yanke wa gida adadi, Malam Abu Hanif, ban san yadda ake gaya wa ƙanin uba cewa kason wannan wata ya ƙare ba, alhali yana tsaye a asibiti da takardar magani. Akwai ma abin da ban faɗa ba: an sa ranar auren ƙanwata bayan Babbar Sallah, kuma kayan ɗaki a kaina suke. Ko akwai wanda ya san inda ake bayar da gado da kujeru a biya kaɗan-kaɗan?

Abu Hanif:
Wato wani sabon bashin za ka ɗora a kan biyun da ke wuyanka. Ka fara amsa mini wannan tukuna: nawa ne kuɗin makarantar yaran uku a zango ɗaya?