Madina zuwa Makka da tsohuwa: jirgin ƙasa ko na sama?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda bayan ƙaramar sallah zan kai Mma Umra, ni da ita kaɗai. Za mu fara da Madina kwana 5 sannan mu wuce Makka, to ejan ɗinmu ya ce mu zaɓa ko jirgin ƙasa ko na sama ko bas. Bas kam na cire shi tun farko saboda ƙafarta, ko Kumasi zuwa Accra muka hau mota kafin mu kai Nkawkaw ta kumbura. Ni kuma ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba a rayuwata, iyakacina in ga tsohon layin dogo wajen Adum da 'yan kasuwa suka baza kaya a kai. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa wanne ya fi sauƙi ga tsoho?

Hajiyar Nima:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da za ka kai ta. Kar ma ka tsaya dogon tunani, ku hau jirgin ƙasa, Haramain suke ce masa. Abin da mutane ke mantawa shi ne Makka ba ta da filin jirgin sama. In ka ce sama za ka bi, Jidda za a sauke ku, tashin kansa wajen awa ɗaya ne amma sai kun je fili da wuri, ku bi layin awon kaya, ku bi na bincike a ce ta cire wannan ta ajiye wancan, ku zauna jira, in kun sauka ku jira akwati, sannan ku nemi mota ta sama da awa ɗaya zuwa Makka, ka lissafa ka gani rabin yini ya tafi kuma tsohuwa ta gama galabaita tun ba a fara ɗawafi ba. Shi ko na ƙasan kilomita 450 ne yana cinye su cikin awa 2 da rabi ko ƙasa, gudunsa har 300 a awa amma shayin da ke gabanka ko motsi ba ya yi. Akwai banɗaki, tana iya tashi ta miƙe ƙafa. A Rusaifa yake sauke ku cikin garin Makka, taksi kaɗan kun isa masauki.

Baba Sabon Zongo:
Kai yaro ka ba ni tausayi, wai ɗan Kumasi bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Garin da dogo ya iso daga Sekondi tun 1903, na Accra ya haɗe a 1923. Mu mun kwana a jirgin dare na Takoradi, ka shimfiɗa ka yi barcinka gari ya waye kana Kumasi, ana sayar da abinci ta taga a Dunkwa. Yau fa? In Accra za ka, ko ka ba titi awa 5 zuwa 6, ko ka je filin jirgin sama na Prempeh ka biya kuɗi mai zafi don tafiyar minti 40, babu na tsakiya, talaka da tsoho su ne a wahale. Su can Saudiyya 2018 suka buɗe nasu, mu nan sabon da aka yi Tema zuwa Mpakadan ne, ni ban da kowa a Mpakadan. Ka bi maganar Hajiya.

Mai Goro Asawase:
Ni ma jirgin ƙasan zan ce amma a faɗa masa gaskiya duka. Kaya ne matsalar. Akwati babba guda ɗaya mai kilo 25 da ƙaramar jakar hannu ake bari kowane mutum, kuma mun san iyayenmu, Madina kaɗai sai ta sayi dabino da jallabiyar jikoki da darduma goma ta ce tsaraba. Ka lallashe ta a bar sayayya sai Makka, in ta ƙi ka sa ejan ya tura kayan a mota.

Sai maganar harami. Jirgin ba ya tsayawa a miƙati, kuma Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, tana nan bakin garin, ba a jimawa da tashi ake wuce ta. Ka yi wanka ka ɗaura haraminka tun daga masauki, niyya kuma ka tambayi malaminku inda ya fi a ƙulla ta kafin ku bar gida, kar ka zo cikin jirgi kana raba ido. Tikiti ma ka saya da wuri a intanet, lokacin cunkoso kujeru na ƙarewa, kuma ku isa tasha da sauran lokaci don shi ba trotro ba ne da zai jira ya cika.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Mma duka, ta yarda da jirgin ƙasa, maganar akwati ɗaya ce ta ce Mai Goro ya zo gida ya faɗa mata da bakinsa. Hajiya tambaya ɗaya ta rage, keken guragu fa, a tasha ake samu ko mu taho da namu daga nan?