Me ya sa baƙin 'yan wasa suke haki a La Paz?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum. A shekarar 2009 Bolibiya ta lallasa Ajantina da ci 6 da 1 a wasan ƙwallon ƙafa a gida, a birnin La Paz, kuma masu sharhi da dama sun danganta hakan da tudun garin, wanda ya kai kimanin mita 3,600. Amma an koya mana a makaranta cewa oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, ko a tudu ko a kwari. To, idan kason bai canza ba, me yake sa baƙi haki?

Malamar Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Abin da aka koya muku daidai ne, ɗan'uwa, sai dai matsin iskar ne yake raguwa. A cikin huhu akwai miliyoyin ƙananan jakunkuna, kowace kewaye da siraran hanyoyin jini, kuma oksijin yana ratsa bangonsu ne saboda matsinsa a cikin jakar ya fi na cikin jinin da ya iso. A La Paz matsin ya ragu da kusan sulusi idan aka kwatanta da na bakin teku, saboda haka ko mutum ya cika ƙirjinsa fal, oksijin da ya shiga kaɗan ne, kuma ƙarfin da zai tura shi cikin jini ya yi rauni. A ƙolin dutsen Everest, mita 8,849, sulusin matsin ne kawai ya saura.

Nan take jiki yakan hanzarta numfashi da bugun zuciya. Daga baya ƙoda takan saki sinadarin da yake sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aikin da yake ɗaukar makonni, alhali baƙon ɗan wasa bai daɗe da sauka daga jirgi ba. A ganina, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga masu masaukin baƙi.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri, Malama. Zan ƙara jan hankali guda, domin ya shafi gidajenmu da yawa. Ƙarancin oksijin yana sa ƙwayoyin jinin mai sikila su lanƙwashe su toshe hanyoyin jini, don haka duk mai wannan lalura ya nemi shawarar likita kafin ya je gari mai tudu kamar Addis Ababa, wanda ya haura mita 2,300. Ko mai lafiya, idan tari ya kama shi a can kuma numfashi yana gagararsa alhali yana zaune, wataƙila ruwa ne yake taruwa a huhunsa, kuma wajibi ne a sauko da shi ƙasa cikin gaggawa.