Karena ya ciji yaron maƙwabci, mi zan yi?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da kare nan Tawa, shekara 2 yana gadin gida bai taɓa cizon kowa ba, to jiya da marece yaron maƙwabcina ya shigo ɗaukar ƙwallo, karen na cin tuwo ya kai mishi cizo a ƙafa. Wai in kashe shi ake ce min, ni kuma wallahi tausai nake ji.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam bar zancen kare tukuna, yaron hwa? A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15 sannan a kai shi likita a yi allurar haukan kare, ko da ciwon ƙarami ne, in cutar ta bayyana ba ta da magani.

Baba Tsoho:
Kar ka kashe shi ɗana. Ɗaure shi ka sa ido kwana 10, likitan dabbobi ya duba shi. Kuma kare da ke kan akushi ko uwar gijiyarshi sai ta yi hankali. In ka ga ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, kunne ya kwanta, yana gurnani, tsoro ne yake ji, bugu ƙara lalata shi yake.

Ɗan Ader:
Baba ai yaran unguwa kullum jifarshi suke ta kan katanga.

Maman 'Yan Biyu:
To ka ji. Mussata ma haka ta yakushe ni ranar da na taɓa 'ya'yanta. An kai yaron dai?