Sabsidin auduga: "tallafi" za mu ci gaba da cewa, ko "cikon farashi"?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Kawuna ya zo mana Agege daga Funtuwa, mutumin da ya fi shekara 30 yana noman auduga kafin ya haƙura ya koma masara da waken suya. Daren jiya muna teburin mai shayi bayan isha'i, na ce masa ai manoman auduga na Amurka gwamnatinsu tallafi take ba su, shi ya sa farashi yake karyewa a duniya. Ya ajiye kofi ya ce, "To ɗana, Allah ya saka mata da alheri. Laifi ne a tallafa wa manomi?" Na rasa amsa. Ba Kawu ne bai gane ba, kalmar da na ba shi ce ba ta ɗauko maganar ba.

2/ Abin da Bature yake kira sabsidi mun saba ce masa tallafi, musamman tun da aka cire na man fetur a Mayun 2023. Amma a kunnen Bahaushe, wanda ake tallafa wa shi ne wanda zai faɗi: maraya, mai jinya, wanda gobara ta cinye wa rumfa. Kalma ce mai tausayi a cikinta. Da ka furta ta ka riga ka wanke mai bayarwa.

3/ Ga yadda abin yake aiki. Gwamnati takan tsayar da wani farashi ta ce wa manominta, in kasuwa ta faɗi ƙasa da nan, ni zan biya ka ragowar. To wannan manomin me zai sa ya rage gona? Kasuwa ta yi kyau ya ci riba, ta lalace baitulmali ya cike masa. Sai ya yi ta nomawa, audugar ta yi yawa, a turo ta kasuwar duniya, farashi ya ƙara zubewa. Manomin Mali ko Burkina Faso, wanda ya ci bashin taki da maganin feshi, ya tsinke audugarsa da hannu shi da iyalinsa, farashin da ya zube ɗin nan shi zai tarar a kan sikeli, kuma babu mai cike masa ko sisi. A kakar 2001 zuwa 2002, manoman auduga na Amurka wajen 25,000 sun karɓi kusan dala biliyan 4. A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuwa miliyoyin mutane ne abincinsu yake rataye da wannan fararen kaya.

4/ Shi ya sa a 2003 ƙasashe huɗu, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali, suka kai kukansu Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. Birazil ma ta kai ƙarar Amurka tun 2002, ta kuma yi nasara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka rufe shari'ar: daga 2010 Amurka ta riƙa biyan Birazil kimanin dala miliyan 147 duk shekara, a 2014 ta ba da miliyan 300 aka kashe magana. Mai ƙarfin kai ƙara an biya shi. Ƙasashen huɗu da suka fi jin jiki kuwa Amurka ba ta biya su irin wannan diyya ba.

5/ Na jefa tambayar a majalisarmu. Wani ya ce rangwame. A'a, rangwame mai saye ake yi wa, nan kuma mai sayarwa ne yake karɓa. Agaji na bala'i ne. Gudunmawa ta biki da suna ce. Wani ɗan'uwa mai sayar da tumatir a Mile 12 ya ce "gyara", kowa ya yi na'am da farko, amma gyara ɗan ƙari ne mai kaya yake ɗora wa mai saye bayan an gama ciniki, ba ta sauya farashin kasuwa.

6/ Wani dattijo mai shagon yadi a Balogun shi ya kawo wadda ta zauna mini. Ya ce, "Malam, in yaronka ya sayar da dila ƙasa da kuɗin da ka saro, kai ka zaro daga aljihu ka cike, me ka yi? Ciko ka yi." Cikon farashi ke nan. Kalmar ba ta yabo, ba ta zagi, tana faɗin abin da aka yi ne kawai, kuma duk ɗan kasuwa da ya ji ta zai tambayi kansa: to maƙwabcin da ba shi da mai cike masa fa? Sakamakon ma muna da sunansa tuntuni, karya farashi.

7/ Na san akwai inda ba za ta rufe ba. Tarayyar Turai tana biyan manoman auduga na Girka da Sifen ne gwargwadon faɗin gona, Amurka kuma ta sha sauya salo, har ta hanyar biya wa manomi kason inshora. A irin wannan sai mu ce cikon gwamnati. Amma tsarin Sin a yankin Shinjiyang, inda ake tsayar da farashi a biya bambanci, cikon farashi ne tsantsa.

8/ Kada kuma a ce na ɗora wa baƙi komai. Tun da aka rushe hukumar sayen auduga a 1986, manominmu ya rasa tabbacin mai saye. Rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa ta Kwatano suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano, da na nan Isolo. Wannan namu ne. Amma a lokacin da ake matsa wa ƙasashenmu su janye hannu daga noma, masu matsawar suna cike wa nasu manoman.

9/ Da safe na sake gwadawa. Na ce, "Kawu, gwamnatinsu cikon farashi take yi musu, duk abin da kasuwa ta rage sai ta biya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa shekarar da na kai auduga fuloti na sayar kuɗin bai biya takin ba, su ko a jikinsu." Masu aikin rediyo da malaman Hausa da ke nan, ku gwada ta a jimla ku gaya mini inda ta yi tuntuɓe. Mutanen Gusau da Malumfashi, in akwai wadda manoma suke faɗa a can, ku kawo.